Halo Mai Zuwa: A Ba Mu Rana Tukuna, Sannan a Kashe Fitila

Na san abin da za ku ce tun ba ku gama karanta kan maganar ba. Wai ƙato da gemu ya rasa abin da zai ɓata tawada a kai sai wasan harbe-harben yara. Sannunku da hankali, dattawan arziki. Ku da kuke raba dare kuna musu a kan ko alƙalin wasa ya zalunci Arsenal, har maƙwabta su fito su ba ku haƙuri, yau ku ne za ku koya wa wani abin da ya dace da manya? Halo na farko ya fito ne a watan Nuwamban 2001. Yaron da ya fara buga shi yana ɗan shekara 12, yanzu shi ke biya wa wasu kuɗin makaranta. Don haka ku gyara zama, ku bar ni in yi maganata.

Ga inda aka kwana. A watan Oktoban 2024, kamfanin 343 Industries, wanda Microsoft ya damƙa wa amanar Halo bayan Bungie da ya ƙirƙiro shi ya tattara ya tafi, ya sauya suna zuwa Halo Studios. Ya ce ya ajiye injinsa na gida ya rungumi Unreal Engine 5, kuma akwai sababbin wasanni a hanya. Tun daga ranar masoya suka rabu gida-gida. Musun wace bindiga ta fi wace ba ya ƙarewa, wannan an saba. Wanda ya fi zafi shi ne musun yanayi: in sabon Halo ya zo, me ake so mutum ya ji a ƙirjinsa yana bugawa? Tsoro, ko baƙin ciki, ko dariya, ko kuwa taƙama irin ta sojan da ya ci gari?

Nawa ra'ayin a fili yake. A fara da rana tsaka, sama garau, ciyawa shar, mutum ya saki baki yana kallo. Sai ya saki jiki ya manta akwai mutuwa, sannan a kashe fitila. In za a ba ni ɗaya babu ɗaya, a riƙe kayan, na yafe.

Kafin ku taɓe baki, ku tuna yadda na farkon ya yi da mu. Zango na biyu: ƙaramin jirgin tsira ya faɗo ƙasa, duk wanda ke ciki ya mutu sai Master Chief, jarumin wasan. Ka tsallake gawawwaki ka fito, sai ga kwari mai dogayen itatuwa, ruwa na zubowa daga kan dutse, ga wata siririyar gada. Ka ɗaga kai. Maimakon ƙasa ta ƙare inda ido ya tsaya, sai ta lanƙwashe ta hau sama, ta yi siriri, ta bi ta bisa kanka ta sauko ta bayanka, da tekuna da gajimare a jikinta. Zobe ne mai faɗin kilomita 10,000, kai kuma kana tsaye a cikinsa. Babu wanda ya tare ka da lacca. Cortana, ƙirƙirarriyar basirar da ke tare da kai, ta ce a nemi wurin ɓuya don abokan gaba 'yan Covenant na tafe, shi ke nan. Duk wanda ya ce muku bai tsaya kallon sama ba har jirgin Covenant ya iso kansa, ku bincike shi.

A zango na huɗu jiragen Pelican suka sauke ka a bakin teku, farin rairayi, sojoji na ihu, kiɗa na tashi. Aka kawo maka Warthog, jif ɗin nan da ba ta san tafiya a miƙe ba, ka zagaye tsibiri da ita kana watsa ruwa. A na biyar ga dusar ƙanƙara, ga tankar yaƙi an bar maka. Zuwa lokacin ka gama yarda cewa wurin nan gadon gidanku ne.

Sai na shida, 343 Guilty Spark. An sauke ka a fadama cikin dare, ruwa na zuba, hazo ya rufe ko'ina. Ga wani Pelican a fashe, rediyonsa na ta maimaita kiran neman agaji babu mai amsawa. Abokan gabar da ka saba kora sai ka gan su suna gudu, kuma ba kai suke gudu ba. Ka shiga wani gini ka sauka can ƙasa. Jinin 'yan Covenant ya wanke bango, amma ba ka ga wanda ya zubar da shi ba. Wani soja ya takure a lungu, hankalinsa ya gushe, yana sambatu yana harbinka da ƙaramar bindiga, kai da ka zo cetonsa. Ka buɗe wata ƙofa, gawa ta faɗo maka a hannu. A ƙasa ga hular kwanon wani kurtu mai suna Jenkins. Chief ya ciro abin naɗar hoton da ke cikinta, sai ka koma kallon abin da ya faru da idon mai hular: sojoji a jirgi suna yi wa Saje Johnson tsiya a kan kiɗan da ya kunna musu, suna ratsa fadamar nan, suna shiga wannan ɗakin da kake tsaye a ciki yanzu, wani irin sauti, ƙofa ta ɓalle, harbi ta ko'ina. Hoton ya yanke. Ka dawo ɗakin kai kaɗai, tsit. Sai ƙofofin suka fara motsi. Ta nan Flood suka shigo, halittun da ke shiga jikin mutum su mai da shi abin hawansu, waɗanda Bungie ya ɓoye har ranar fitowar wasan.

Kakanninmu sun san wannan dabara tun ba a jawo lantarki ba. Ba a buɗe tatsuniya da Dodo. Sai an fara da kyakkyawar yarinyar da ta ƙi samarin gari, baƙo ya zo ta ce shi take so, an yi biki an ci an sha, an kama hanya, sannan a tsakiyar daji ango ya fara mai da kayan aro. Fadamar nan ta tsorata mu ne saboda an riga an ba mu bakin teku. Kuma ba a tsaya nan ba: gaba kaɗan sai ka gano zoben da ka tsaya kana yabon kyansa makami ne, an ƙera shi ya shafe duk wata halitta mai hankali a nisan tafiyar haske ta shekara 25,000 ta kowace fuska, don Flood su rasa abinci. To ku gaya mini wane fentin baƙi ne zai kai wannan duhu.

Yanzu bari in juyo gare ku, 'yan zaman makoki, masu cewa a sake mana irin Halo: Reach kawai a huta. Ba na raina muku. Reach, wanda Bungie ya yi bankwana da shi a 2010, aiki ne na gwanaye. Tun hoton farko an nuna maka hular kwano yashe a ƙonanniyar ƙasa, ka san ba a dawowa. Abokin yaƙinka Jorge ya tsaya a jirgin abokan gaba ya tayar da bam da hannunsa, ya mutu yana zaton ya ceci duniyarsa, bai rufa minti ba sai ga rundunar jirage ta cika sama. Kat kuwa tana cikin magana, ana gudu zuwa maɓoya, harsashi ɗaya ya ratsa kanta, babu wasiyya babu sallama. A ƙarshe aka bar ka kai kaɗai cikin ƙura, gilashin hularka na tsattsagewa, kuma babu yadda za ka yi ka ci zangon. Na yarda, na sara. Amma ku tuna an yi shekara tara ana ba mu labarin faɗuwar duniyar Reach kafin a kai mu can, kuma mutanen da aka kashe an ƙirƙiro su ne don a kashe su. Wannan abu sau ɗaya yake ci. Ku so kuke kowane wasa a yi jana'iza biyar? To wa za a bari ya ɗauki makara?

Ku je ku tambayi masu Doom abin da duhu zalla ya yi musu. A 2004 Doom 3 ya fito da duhun da sai ka zaɓa, ko ka riƙe tocila ko ka riƙe bindiga. Ba a daɗe ba 'yan wasa suka yi wa abin kwaskwarima, suka ɗaure tocilar a bakin bindiga, suka sa wa gyaran sunan salatif. Da id Software ya dawo a 2016, gudu da haske da hayaniya ya dawo da su. Shi kuwa Halo ba ya buƙatar aron baƙin ciki daga kowa, yana da nasa a ajiye. Jarumin da kuke yi wa kirari, Chief, wato John-117, sace shi aka yi yana ɗan shekara 6, shi da wasu yara, su 75, aka bar wa iyayensu kwafin da ba ya daɗewa yake mutuwa. Kuma Dakta Halsey da ta shirya satar, ba don yaƙar baƙin halittu ta tara su ba, don murƙushe 'yan tawayen bil'adama ne. Wannan yana nan kwance a ƙarƙashin koren sulken. A riƙa ɗaga gefen mayafin jefi-jefi ya isa.

Ku kuma 'yan raha, masu son kowa ya riƙa jefa barkwanci ana tsakiyar ɓarin wuta irin na finafinan Marvel, ku saurara. Halo ya iya dariya tun fil azal, sai dai ya san bakin wa zai sa ta. Grunt, gajerun nan masu tulun iska a baya, su ne 'yan kamancin gidan: ka same su suna barci a bakin aiki, ka kashe shugabansu su watsar da bindiga su ɗaga hannu sama suna ihu. Saje Johnson da sigarinsa yana cika baki. Sojoji na yi maka tsiya in tuƙinka ya kifar da su. Shi Chief magana ɗaya yake yi a inda wani zai yi goma, kuma da fuskar shanu yake yin ta, shi ya sa take zama. Ranar da aka mai da shi mai ba da dariya, ranar ya zama kowa. Mai son ya yi ta ƙyaƙyatawa daga farko har ƙarshe, ga Helldivers 2 can tun 2024, sun iya, ba na ja.

Akwai kuma masu hawaye kusa, mutanen Halo 4. Ku ma kuna da hujja. Ƙirƙirarriyar basira irin Cortana shekara bakwai take yi ta fara ruɗewa, ita kuwa ta kai takwas, ga Chief yana kallon abokiyar tafiyarsa tana rasa kanta ba shi da abin yi. Josh Holmes, wanda ya jagoranci aikin, ya faɗi cewa mahaifiyarsa na fama da cutar mantuwa a lokacin, kuma ana jin hakan a wasan. Bankwanan da suka yi a 2012 ya isa a rufe littafi. Sai me aka yi? A 2015 Halo 5 ya tono ta ya mai da ita azzaluma mai son mulkin sararin samaniya, ya kuma ba mu Chief a zango 3 kacal cikin 15. Da aka ga jama'a sun ɓata rai, sai Halo Infinite ya kashe rigimar a bayan fage, aka ba mu labari an gama. Su kuwa masu shirin talabijin na Paramount+, tun kashi na farko a 2022 suka tuɓe masa hular kwano don mu ga damuwa a fuskarsa. Mun gani. A 2024, bayan zango biyu, aka soke shirin. Mutumin nan ya yi shekara 20 yana nuna mana damuwarsa da ɗan sunkuyar da kai, kuma mun fahimta.

Roƙona na musamman ga marubutan: a rufe wa mugaye baki. Escharum, dattijon da ke jagorantar abokan gaba 'yan Banished a Infinite, da ka kama wani sansani sai ya bayyana cikin jan hoton haske ya fara wa'azi a kan jarumta da mutuwa. Baba, mun ji, a bar mu mu wuce. Didact na Halo 4 shi ma haka, kuma in kana son ka san me ya harzuƙa shi sai ka nemi littattafai uku na Greg Bear. Su Forerunner ɗin nan, mutanen Didact da suka gina zoben, sun fi kwarjini lokacin da ba mu san komai a kansu ba sai manyan gine-ginen toka da babu kowa a ciki, ƙofofi na buɗe kansu, wani haske na harbawa sama ba wanda ya san dalili. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wasa irin wannan duhun nan jari ne. Duk tambayar da aka amsa an yi asarar ta.

In kuna son ku ga rana da dare sun zauna lafiya a wasa ɗaya, ku duba Halo 3: ODST na 2009, wanda wasunku suka raina don babu Chief a ciki. A nahiyarmu ma aka yi shi, a New Mombasa ta ƙasar Kenya, shekarar 2552. Kai ƙaramin soja ne da ya suma bayan dira, ka farka bayan awa shida dare ya yi, abokanka babu labari. Ruwa na sauka a kan kwalta, motoci a yashe ƙofofi a buɗe, allunan talla na sauya rubutu suna nuna maka hanya, domin kwamfutar da ke kula da birnin ita kaɗai ta rage mai kula da kai. Masu kiɗan wasan, Martin O'Donnell da Michael Salvatori, suka ajiye manyan ganguna suka ɗauko saksofon da fiyano. Kana tafe kana neman alama: hular kwano a cake jikin allo, bindigar harbin nesa a lanƙwashe tana lilo a kan wayar lantarki. Da ka taɓa abin sai wasan ya mai da kai baya, rana tsaka, ka zama mai kayan, ga tanka ga hayaniya ga zolayar abokai. In an gama a dawo da kai titi, kai da ruwan sama. Kaɗaicin yana sa ka ƙosa a koma yaƙi, yaƙin kuma yana sa kaɗaicin ya yi nauyi. Ban ga wanda ya fi wannan iya awo ba a duk zuri'ar.

Kada a ce na ƙi Infinite, don na san wasunku sun riga sun naɗe hannun riga. Buɗewarsa ta yi kyau ƙwarai: matuƙin jirgi shi kaɗai a Pelican da ya mutu, gemu ya cika masa fuska, yana ta maimaita hoton iyalinsa, sai ya tsinci Chief yana shawagi a sarari bayan wata shida. Zoben Zeta Halo ma ya dawo mana da sama da ciyawa, ga ƙugiyar nan da ake maƙalawa a yi sama. Rana kam an ba mu a Disambar 2021. Daren ne bai zo ba. Tun daga farko har ƙarshe itatuwa iri ɗaya da ginshiƙan ƙarfe iri ɗaya, babu fadama, babu dusar ƙanƙara, babu Flood. Aka yi ta nuna mana alamar akwai wani abin tsoro a kulle a zoben, sai wasan ya ƙare ba a buɗe ba.

Ina jin ku a baya can, 'yan PUBG da Free Fire da masu tsallake labari su faɗa fagen gasa, kuna cewa ku harbi kawai kuka sani. Ku ai ba da ku ake ba. Amma ko ku yanayi ya shafe ku. A Infinite aka sa kunnuwan kyanwa a kasuwa, a maƙala a hular Spartan, wato soja irin Chief, kuma kuka saya, kada ku musa. Mutum ya gama jimamin matuƙin jirgi ya shiga fage ya tarar da sojan ƙarni na 26 da kunnen mage yana tsalle. Sannan wani ɓangare na daɗin Halo ba a cikin allo yake ba, a gefenka yake zaune: abokin da aka raba muku allo biyu, shi yana tuƙi kai kana harbi, ya jefa ku rami ku yi ta zagin juna. Halo 5 ya cire wannan. Infinite ya yi alkawarin dawo da shi a zangunan labari, a 2022 aka ce an fasa.

Saura ku mutanen PlayStation, waɗanda a shagon gem ba ku san komai ba sai ƙwallo, kuna cewa Xbox ko a hannu ba ku taɓa riƙewa ba. Uzurinku ya ƙare. A Oktoban 2025 aka sanar da Halo: Campaign Evolved, wato na farkon ne aka sake ginawa, aka sa masa 2026, kuma har da PlayStation 5. A nan ne gabana ke faɗuwa, don an taɓa yi. A 2011 aka yi wa wasan sabon zane na cikar shekara 10, aka sa maɓallin da kake latsawa ka koma tsohon zane nan take. Je ka fadamar nan ka latsa ka gani. A tsohon, hazo ne da inuwa, ba ka san me ke motsi tsakanin itatuwa ba. A sabon an haska ko'ina, an ƙawata bango da fitilu, kowane ganye ana ganinsa. An kashe kuɗi an kashe tsoro. In masu sabon injin suka ɗauka aikinsu shi ne su nuna mana yawan ganyen da za su iya zanawa, to wasan da zai biyo baya ma haka zai fito.

Wanda bai yarda da ni ba, ga hanya mai sauƙi. The Master Chief Collection yana nan a Xbox da kwamfuta. Ya buɗe Halo na farko, ya mai da shi tsohon zane, ya fara daga bakin teku ya wuce har fadama a zama ɗaya, kada ya tsallake hoton Jenkins. In ya gama ya zo mu yi musu, ina nan. Wanda bai buga ba kuma, don Allah ya ajiye ra'ayinsa ya koma wa Arsenal ɗinsa.